Tsohuwar Tauraruwar Malama Saitong

Rigimar da Malama Saitong, masaniyar taurari, ba ta son a tuna mata ita ce wadda ta yi da yayarta Buwakam, mai gasa kaji a bakin kasuwar garin Ciyan Mai. Saitong ta zo gaisuwa, ta toshe hanci, wai hayaƙi zai ɓata mata riga.

Buwakam ta juya kaza ta ce, "Ke ba hayaƙin ne aikinki ba? Nawa dai ana cin shinkafa da shi. Naki fa, ko ƙamshinsa kin taɓa ji?"

Masu jiran kaza suka kwashe da dariya. Saitong, da digirinta uku, ta karɓi cinya ta kama gabanta.

Buwakam ba ta yi ƙarya ba. Tun Saitong na da baƙin gashi take bin tauraruwa ɗaya, tsohuwa tukuf, wadda ta kumbura tana amayar da gawayi har kunkunniya ta lulluɓe ta. Ido ba ya ganinta. Sai dai a juya mata ƙaton farantin sauraron sararin samaniya da ke bayan gari a saurara, domin kowane sinadari a cikin hayaƙin yana da tasa muryar a rediyo. Miji ya zo, ya gaji, ya tafi. Tauraruwa na nan. Kafin ta juya faranti kuwa sai ta ajiye wa aljanun wurin jan lemo a ɗan ɗakinsu. Ta ce ba ta yarda da su ba, kawai ba ta son su taɓa mata wayoyi.

Akwai wata siririyar murya da ta daɗe tana farauta, damina ta hana, rani ya ɗan sam mata. Saura ƙiris ta tabbatar da ita aka kawo wa cibiyar bincikensu sabon shugaba, Dokta Anuson, gashi ya sha mai. Ya tara ma'aikata ya ce zai karɓe lokacinta na faranti ya ba masu nazarin jariran taurari. Lokacin dai har yau nata ne, ga kuma dalili.

Ya ce, "Malama, da girmanki, tauraruwar nan mutuwa take yi. Me za mu samu a jikin gawa?"

Saitong ta cire tabarau ta goge a hankali.

"Ranka ya daɗe, tun ba a haifi kakan kakanka ba take mutuwa, kuma duk shekara sai ta ba mu sabon abin rubutawa. Kai da kake da ranka da lafiyarka, me ka fitar bana?"