Akwatin Da Ya Ɗaga Hannuna

Shekarun baya da dama, can cikin shekarun tamanin, lokacin ina da cikakken gashi a ka da ƙarancin wayo a cikinsa, na yi aikin tuƙi a gidan wani Balarabe a unguwar Al-Naseem da ke Riyad. Shi ne kafilina, wato iƙamata ta izinin zama da fasfona duk suna hannunsa, ko ƙofar gari ba na fita sai da yardarsa. Aikina kai yara makaranta, kai matan gida kasuwa, da jiran maigida a duk ƙofar da ya ga dama ya shiga ya manta da ni. Ban taɓa ba ku wannan labarin ba, domin duk sanda na ɗauko shi sai in kasa ƙarasa shi. Yau dai zan daure in kai ƙarshensa.

Na daɗe rabona da gida, sai na roƙi maigidan hutu. Bai ko ɗago kai ba ya ce "ba'adain", wato sai nan gaba, kuma duk wanda ya zauna a ƙasar ya san nan gaban nan ba ta da rana. A satin muka tafi Umra da iyalinsa, ni kaɗai a sitiyari zuwa da dawowa. Ko kayan ba mu gama saukewa ba ya ce in kai shi gonarsa ta dabino a Dir'iyya, yana da baƙi da rana. Suka shige cin shinkafa da rago, ni kuma na rakuɓe a mota ƙarƙashin inuwa, na rataya hannun dama a bayan kujera, barci ya yi awon gaba da ni kamar an buga min guduma.

Kiran la'asar ne ya tashe ni. Na miƙa hannu in ɗauki buta, sai na ga hannun bai bi umarni ba. Daga wuyan hannu zuwa yatsu ya langaɓe yana reto kamar jiƙaƙƙen tsumma. Ina iya ɗan dunƙule shi, amma in ɗaga shi ko in miƙe yatsun, ko kaɗan. Na girgiza, na murza, na yi addu'ar da na sani da wadda ban gama haddacewa ba, shiru. Abin haushin, babu jini, babu kumburi, babu ko ƙwarzane da zan nuna wa mutum. Da karaya ce da na huta.

Maigida ya fito ya dubi hannun, ya dube ni, ya sake duban hannun. Ya ce, "Jiya hutu, yau hannu?" Daga wannan kallon na san an riga an yanke min hukunci, sauran duk cika sharaɗi ne.

Bayan 'yan kwanaki ya sa ni a mota ya kai ni wurin wani tsohon likita a Al-Murabba, a saman wani kanti. Likitan gidansu ne tun zamanin mahaifinsa. Ga manyan asibitoci cike da sababbin na'urori a garin, amma nan ya zaɓa, domin ba magani ya zo nema ba, shaida ya zo nema. Tsohon ya tattaɓa hannun, ya tambaye ni yadda na kwanta, ya danna wani wuri a bayan dantsena, ya gyaɗa kai. Sannan ya jawo wani akwatin katako daga saman kabad, ya hure ƙurar da ke kansa, ya ce na malaminsa ne, ya girme mu duka ukun.

Ni da na yi zaman gareji kafin in fara tuƙi, ina leƙa ciki sai na ji kamar na gamu da ɗan garinmu. Batir ne a gefe guda. A tsakiya akwai sandar baƙin ƙarfe da aka naɗe da waya mai kauri ta jan ƙarfe. A kanta kuma akwai wani naɗin na biyu, na siririyar waya kamar gashi, an yi mata zagaye ba adadi, yana zamewa gaba da baya a kan na farkon kamar hannun riga. A bakin sandar ga wani ɗan ƙarfe a jikin sifirin, kamar harshen ƙararrawar ƙofa.

Tsohon mai son bayani ne, kuma ya samu mai saurare. Ya ce idan wutar batir ta bi ta waya mai kaurin, sandar sai ta zama maganaɗisu, ta fizgo ɗan ƙarfen nan. Yana matsowa sai ya yanke hanyar wutar, maganaɗisun ya mutu, sifirin ya mayar da shi mazauninsa, wuta ta dawo, a sake fizgo shi. Haka zai ta yi, yankewa da haɗawa, da saurin da ido ba ya bi, sai dai kunne ya ji zizar. Duk yankewa ɗaya, siririyar wayar da ke waje sai ta haifi tata wutar, gajeriya amma mai kaifi, alhali ko taɓa batir ɗin ba ta yi ba. In ka tura naɗin wajen ya rufe na cikin, wutar ta ƙaru. In ka janye shi, ta ragu.

Na ce da guntun Larabcina, "Ya duktur, ai wannan kwayil ɗin mota ne."

Ya yi dariya ya ce ƙwarai, kakan kwayil ne ma, sai dai shi wannan tsoka yake tayarwa, ba fulogi ba. Ni kuma sai na hau washe baki, wai an yaba ilimina. Mutum hannunsa na reto, aikinsa na reto, amma yana murnar ya gane kwayil.

Wayoyi biyu ne suka fito daga akwatin, kowacce da ɗan faifan ƙarfe a bakinta, an naɗe shi da auduga. Ya tsoma su a ruwan gishiri, ya ɗaura ɗaya a dantsena, ɗayar a bayan hannuna ƙasa da gwiwar hannu, ya ɗaure da madauri. Ya janye naɗin can baya, ya kunna. Akwatin ya fara ziza kamar zanzaro ya shiga tulu. Na ji kamar tururuwa na bin fatata. Ya turo naɗin kaɗan, ya ƙara kaɗan, sai kawai na ga hannuna ya ɗaga. Wuyan hannun ya miƙe, yatsun suka baje, ni kuwa ban aike su ba.

Wallahi hawaye ne suka zubo min. Likitan ya ce, "Alhamdu lillahi, jijiyar ba ta mutu ba." Ya juya wurin maigida ya yi masa bayani dalla-dalla. Ya ce bayan kujera ne ya danne jijiyar a dantse, saƙon da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa yana zuwa nan sai ya tsaya. Ita kuwa wutar akwatin a ƙasan wurin da ya toshe take shiga, shi ya sa tsoka ta amsa mata. Ya ce alama ce mai kyau, a ba shi wata ɗaya zuwa biyu zai warware da kansa, a dai riƙa kawo ni ana motsa tsokar kada ta shanye.

Maigida ya bari ya gama tsaf. Sannan ya ce, "Hannun ya ɗaga ko bai ɗaga ba?"

"Ya ɗaga, amma ai..."

Maigida ya ce, "Halas," wato magana ta ƙare.

Likitan ya kashe akwatin ya nufi famfo wanke hannu, madaurin yana jikina. Maigida ya taso ya tsaya a kaina. Ashe duk bayanin nan da ake yi, abu ɗaya kawai ya ɗauka, wato inda ake turawa wuta ta ƙaru. Ya kunna, ya tura naɗin har ƙarshe.

Ban san da me zan kwatanta muku ba. Ji na yi kamar ana yagar naman hannuna daga jikin ƙashi. Hannun ya sandare ya lanƙwashe baya, haƙorana suka haɗu, na ƙwala "Wayyo Allah!" da Hausa tsantsa, duk Larabcin da nake taƙama da shi ya gudu ya bar ni. Ya kashe. Hannun ya faɗi.

Ya ce, "Yalla, ɗaga shi."

Na ce, "Ya ammi, wallahi ba zan iya ba."

Ya sake kunnawa. Yana kallon hannun yana tashi, yana cewa, "Ga shi nan! Ga shi nan, kazzab!" Wato maƙaryaci. Za ku ce me ya hana ni fizge madaurin da hannun hagu. Na yi wa kaina wannan tambayar ta fi a ƙirga. Hagun lafiyarsa ƙalau, yana kan cinyata. Amma fasfona yana cikin durowar mutumin nan, kuma na san abin da ke samun baƙon da ya ɗaga wa kafilinsa hannu, ko da na hagu ne. Haka na zauna ina ihu kamar akuya a hannun mahauci.

Likitan ya rugo ya zare wayar batir. Na zuba masa ido, ina jiran ya yi faɗa, ya ce fita daga ɗakina, ya ce komai ma. Abin da ya iya furtawa kawai shi ne, "Haram, ya shaikh," da murya ƙasa-ƙasa kamar mai roƙon a rage masa farashi. Ya kwance min madaurin bai dubi fuskata ba, ya rufe akwatinsa ya mayar saman kabad. Har yau ban san wanne ya fi ƙona min rai ba, wanda bai gane ba ya yi mugunta, ko wanda ya gane komai ya yi shiru.

Da yamma na je wurin kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda ya daɗe a Riyad kuma shi ya samo min aikin. Na nuna masa jan tabon da faifan ya bari. Ya yi salati, ya jinjina kai, sannan ya ce, "Ka je ka sumbaci kansa, ka ce sharrin shaiɗan ne. Mutanen nan in ka ƙasƙantar da kai suna yafewa."

Na ce, "Kawu, in na ce ƙarya na yi, da wane hannun zan sa giya gobe?"

Ya dubi hannun na ɗan lokaci, ya ce, "To kai ma ka ɗan ƙoƙarta mana, ɗana."

Nan na gane har shi bai gama yarda ba.

Washegari maigida ya jefo min makulli ya ce in kai yara makaranta. Na ɗauka da hagu na ajiye masa a kan tebur. Na ce ba zan ɗauki 'ya'yan mutane in hau titin Riyad da hannu ɗaya ba, ko da 'ya'yansa ne. Shi a wurinsa wannan ne cikon shaida. Ba a rufa sati biyu ba aka buga min bizar fita ba dawowa, kawu ya raka ni filin jirgi yana ta yi min nasiha kamar ni na yi wa wani laifi.

Na sauka Kano, na wuce garinmu da jaka ɗaya da hannu mai reto. Mahaifiyata ba ta tambaye ni tsaraba ba. Kullum da safe sai ta dafa ruwa ta gasa min hannun da tsumma, ta shafe shi da man shanu, tana tofa addu'a. Na ba ta labarin akwatin, da naɗin waya, da jijiyar da aka danne, da abin da likita ya ce. Takan ce, "Allah ya isar maka," ta ci gaba da murza min yatsu.

Wata rana da hantsi, kusan lokacin da tsohon likitan ya ɗiba, ina zaune a tsakar gida tana shanyar gero, sai kaji suka yo kan tabarmar. Na ce "kss!" na kaɗa hannu. Sai da kajin suka watse na lura da wane hannun na kaɗa. Wuyan hannun yana tsaye, yatsun a miƙe, suna ɗan rawa. Na sauke, na sake ɗagawa, ya ɗagu.

Mahaifiyata ta saki ƙwaryar hannunta, ta kama hannun da hannayenta biyu tana hamdala tana kuka. Da ta natsu sai ta waiga ta ga babu kowa kusa, ta matso, ta rage murya, fuskarta cike da murmushi.

Ta ce, "Ɗan nan, ni na haife ka, ba mai ji. Gida kake so ka dawo, ko?"

Wutar da Balaraben nan ya sakar min ba ta kai wannan tambayar zafi ba, kuma da ƙauna aka yi ta.

Abin da ke ci min rai har gobe shi ne, akwatin bai yi ƙarya ba, likitan bai yi kuskure ba, duk abin da ya faɗa haka ya faru. Amma da hannun ya ɗaga a Riyad an ce ƙarya nake, da ya ɗaga a gida ma an ce ƙarya nake. Tun daga nan, in mutum ya ce min wani wuri na masa ciwo, ba na neman jini ko kumburi kafin in yarda. Maigidan nan kuwa, an ce min ya daɗe da rasuwa, kuma mutane suna cewa in yafe. Ina ƙoƙari, amma ban kai ba tukuna, ba kuma zan yi muku ƙaryar na kai ba.

Ita mahaifiyata, har ta koma ga Allah tana ba maƙwabta labarin ɗanta da ya yi wa Larabawa wayo don ya dawo ya gan ta. Duk sanda ta fara, idonta har ƙyalli yake yi. Ban taɓa iya gyara mata ba.