Masarar Damina a Tulun Inna Saudatu

Da damina, kafin rana ta ɗaga, Inna Saudatu ta riga ta dawo daga fadamar bakin kogi da kwando a ka. Shekara talatin da ɗoriya mutanen Wudil suna ganinta haka. Ba kowace masara take karya ba, sai wadda in ta soka mata farce ruwan nono ya fito. Ta ɓare, ta jefa a tafasasshen ruwa, ta karanta Ƙulhuwallahu ƙafa bakwai, ta tsame. Agogonta ke nan. Sai shanya a kan soro kwana da kwanaki, ido na kan hadari. In ta bushe ta murje ƙwayar, ta zuba a tulu, ta liƙe bakin da laka. Da bazara a jiƙa, a dafa, ka rantse yanzu aka karyo ta.

Amma ba ta liƙe tulu sai ta gasa wa ƙwaya haƙori. In ta ce ƙas, to. In ta lotsa, a koma soro. Matata Yelwa ta taɓa leƙen aikin, ta ce wannan ai ba wuya. Ta yi nata, ta liƙe ba cizo. Da aka buɗe, wayyo, funfuna har baki! Inna ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "'Yar nan, kin tambayi rana, kin tambayi tulu, kin manta ki tambayi masarar." Kunya ta hana Yelwa komawa.

Ni kuwa ina da dalilin wannan rubutu. Bazarar 1952 mahaifiyata, Iya Turai, ta tashi daga zazzaɓi ta ƙi abinci. Kunu a'a, fura a'a. Kwana shida tana ramewa muna kallo, ni da nake ɗinka wa gari riguna na kasa zura zare a allura. Ran na bakwai ta ce, "Da ma ɗanyar masara." Ɗanyar masara ana tsakiyar zafi, ƙasa ko ciyawa babu! Na fita zaure na yi kuka, ba na ɓoyewa.

Ashe magana ta kai wa Inna. Sai ga ta da akushi, tururi na tashi. Tulunta na ƙarshe ta fasa, wanda ta ajiye wa kanta na azumi.

"Turai, tashi ki ci damina," in ji ta.

Iya ta ci loma uku, ta ce a ƙaro gishiri. Tana nan da ranta har yau, tana ta faɗa da jikoki.

Inna, ke ce mai ɗaure damina a tulu. Ke ce kika ciyar da masu jego da marasa lafiya, ba ki taɓa jiran a yi miki godiya a bainar jama'a ba. Ina kewar ƙamshin nan da ke tasowa daga gidanki, da muryarki kina korar kaji daga shanya.

Bana, 1957, soron Inna wayam. Na je gaisuwa na tambaye ta ko ƙafa ce. Ta buɗe baki ta nuna min dasashi.

"Ƙafa lafiya lau, Sabo. Alƙalan ne suka zube. Da me zan ciza?"

Mun gode, Inna. Allah Ya saka da alheri, Ya sa ki gama lafiya. Ku kuma matan Wudil, da na Utai da Lajawa, sanin yana nan a kanta, ba ta rowarsa, masara kuma ta fara gemu. Kada ku bari a binne shi da ita.

Jiya da safe Yelwa ta ɗauki kwando, ta yafa mayafi. Na ce ina zuwa? Ta ce, "Zan kai wa Inna aron haƙora."