Littafin Da Mai Gyaɗa Ta Cinye Ƙarshensa

A bakin makarantarmu akwai wata Mame, Ba'ashantiya, mai soyayyar gyaɗa. Da takardar tsofaffin littattafai take ƙunshi, kuma daga ƙarshen littafi take fara yaga. Ran nan na ga littafi a cinyarta, da hoton yarinya riƙe da kyandir a bangon. Na ce, "Mame, don Allah bar wannan." Na kawo mata tsohon littafin lissafina, muka yi musanya. Ranar har rawa na yi a hanya.

Labarin wata yarinya ne, 'yar ƙasar Meziko. Kowace shekara danginta na ajiye abinci gaban hoton kakarsu da ta rasu. Da safe sai a tarar da kwano fayau, da fure ruwan ɗorawa a ciki. Wa ke ci? Yarinyar ta laɓe, ta ji motsi, ta tura ƙofa... shi ke nan. Sauran ya tafi da gyaɗa.

Kullum bayan makaranta ina juya wa 'yar goggona labarin da Hausa, don ita ba ta boko. Sai ga maganar baƙi marasa takarda su bar Gana. Goggo ta fara ɗaure kaya za su koma Maraɗi, saura kwana biyar.

'Yar goggona ta ce, "Ke, 'yar boko, haka zan tafi ban san wa ke cinye abincin ba?"

Na ce, "Wallahi sai kin ji."

Cale, abokina, na sha yawo! Na bi 'yan ajinmu ɗaya-ɗaya ina tambayar takardar gyaɗarsu. Na tsinci takardu a bakin kwata. Na taka har Adum, can tsakiyar gari, wurin masu tsofaffin littattafai, wani ya ce in je Meziko in tambaya. Shafi ɗaya na samu, mai ya jiƙa shi, ba ka ganin komai.

Ran Juma'a na tarar da Kaka tana tuyar masa, sadakar da take wa marigayi mijinta duk mako. Na zayyana mata damuwata. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Jakar uba, mamaci na cin tuwo ne? Abincin mamaci mai yunwa ke ci, lada ta same shi can. Miƙo mini faranti."

Ban miƙa ba, na ruga ɗaki. Na ciro takarda daga tsakiyar littafin rubutuna, na cika shafi huɗu. Da yarinyar ta tura ƙofa, ba fatalwa ta gani ba. 'Yar'uwarta ce da aka tafi da ita wata ƙasa tun tana ƙarama, ta biyo ƙamshin girkin gidansu. Na ɗinke shafukan a jikin littafin da zaren Goggo.

A tasha, ana loda tabarmi da tukwane, na tsaya jikin mota na karanta wa 'yar goggona ƙarshen da ƙarfi, don hayaniya.

Ta karɓi littafin ta buɗe, ta harare ni. "Maƙaryaciya! Wannan ai hannunki ne, kamar kaza ta yi tono."

"To ba ni abina."

Ta cusa shi cikin zani, ta danne da hannu. Direba ya ta da mota. Ta leƙo ta tsakanin katako.

"Ke! 'Yar'uwar da ta dawo, ta zauna gida ke nan?"

Na bi motar da gudu. "Ta zauna! Ni na rubuta, ta zauna!"