Cikin Binta da Shokozobar Baba

Ranar wata Litinin ce bayan La'asar, a damunar shekarar da nake aji huɗu na firamare. Na gama wanke motar Baba tas a bakin lungunmu da ke Limancin Kona, don lungun ya yi mata ƙunci, ruwan ma da bokiti na yi ta jidarsa daga rijiyar gida. Sai ga shi ya fito yana kaɗa makulli, ya wuce ni, ya ƙwala wa ƙanwata kira, "Binta, zo mu je gwaji." Ta fito tana jan silifa tana tura baki, ta shige gidan gaba. Ni aka bari riƙe da tsumma, kishi kamar ya kashe ni.

Baba ma'aikacin gwamnati ne, amma ran Lahadi sai ya rikiɗe. Shi da abokansa sukan haɗu a wani fili can bayan ganuwa su yi ta tsere da motoci. Saboda haka ya sayo wa tsohuwar jar motarsa wata irin shokozoba, ƙarfen nan mai sifirin da ke shanye girgiza, wadda ake iya saitawa. Kowace tana da ɗan maɓalli a ka, a murɗa dama ta yi tauri, a murɗa hagu ta yi laushi, tana ƙara ƙas-ƙas. In zai je fili sai ya ɗaure su, don kada motar ta kwanta a kwana. In ya dawo kuwa dole ya sassauta, domin da ita ake kai Hajiya kakarmu asibiti, ita kuma ba ta ɗaukar wargi a kan bayanta. Wahalar ita ce samun tsakiya: ta yi tauri haƙora su yi ta haɗuwa, ta yi laushi motar ta yi ta lilo bayan kowane rami.

A nan Binta ta ci ribar rakinta. Yarinyar nan ko lilon makaranta ta hau sai zuciyarta ta tashi. Baba ya gano cikinta ya fi kowane ma'auni. Su bi ramukan hanyar Ƙofar Galadima, ta ce "Baba, amai," ya tsaya ya ƙara tauri. Ta ce "Baba, kaina," ya rage. Su dawo tana tsotsar alewa. Ni da ke faɗowa daga kan mangwaro in tashi in karkaɗe wando, ni da ba a kayar da ni a langa, ba ni da amfani. Har addu'a na yi a makarantar allo Allah Ya ba ni tashin zuciya.

Wata rana zazzaɓi ya kwantar da Binta, kuma ba zan ɓoye ba, na yi murna. Baba ya dube ni ya ce, "To Sani, shigo." Na zauna a kujerar nan ina jin ƙamshin turarensa, ina kallon yadda yake sauya giya, ina fatan duk 'yan ajinmu su gan ni. Muka faɗa rami, ya ce yaya na ji, na ce daɗi. Ya sauka ya ɗaure shokozobar tamau, muka sake bi, na ce daɗi. Ya sassauta ta gaba ɗaya har muna tafiya kamar kwalekwale, na ce wallahi daɗi. Ya yi dariya har da buga sitiyari, ya shafa kaina ya ce, "Kai jikinka ba ya faɗa mini komai. Bari mu jira Binta ta warke." Ya juya kan mota gida. Na shige bayan ɗakin awaki na yi kuka mai isata. Ba ƙarya na yi masa ba, daɗin nake ji, sai dai na kasa gaya masa ba na motar ba ne.

Yanzu filin nan ya zama gidaje, an daɗe da sayar da jar motar, tawa kuwa daga zaune nake danna mata laushi ko tauri. Binta tana aure a Kaduna. Baba ya tsufa, idonsa ya hana shi tuƙi, ni nake kai shi duk inda za shi, yana gidan gaba yana gyangyaɗi, ina kauce wa ramuka don kada ya farka. Ba ya tambayata yadda na ji, ni ma ban taɓa faɗa masa ba. Nakan dai bi doguwar hanya.