Tarihin Thap Van Lok, Wanda Ya Yi Yaji Saboda Ƙyalle

Haihuwa da Karatu

An haifi marigayi Thap Van Lok a shekarar 1969 a ƙauyen Palei Rak, kusa da birnin Phan Rang. Mahaifinsa, Thap Van Sim, makiyayin tumaki ne, mahaifiyarsa kuwa Dao Thi Bon, wadda ake jin faɗanta daga bakin rafi. Ya kammala firamare da ƙyar, sannan ya koyi gyaran lantarki a birni.

Aure

A shekarar 1993 dangin Kieu Thi Hanim, masaƙiyar da babu kamarta a ƙauyen, suka nemi aurensa bisa al'adar garinmu, inda dangin mace ke neman aure, ya tare a gidanta.

Aiki

A shekarar 2019, da aka kafa injinan iska masu samar da lantarki a bakin teku, aka ɗora masa alhakin sanyaya na'urorin da ke gindinsu, domin zafin garinmu yana dafa ƙarfe. Aikinsa wanke matatan da iska ke bi ta shiga. Kullum sai ya dawo yana mitar rairayi na ratsa su.

Hanim ta ce, "Baban Trang, wannan rariyar suka ba ku? Bari ka ga saƙa!"

Ta saƙa ƙyalle mai kauri, ya ɗaura shi a kan matatan ba da sanin kamfani ba, yana taƙama. Rairayi bai wuce ba, iska ma haka. Ran nan da tsakar rana na'urar ta ƙone ƙurmus, kamfani ya sallame shi a 2021.

Yaji

Ya ce mata, "Kin toshe mini abinci!"

Ta ce, "Ni na ɗaura? Saƙa na iya, malam injiniya."

Ya kwashi kayansa ya koma gidan ƙanwarsa, yana jiran biko. Ita kuma tana jiran ya dawo da ƙafarsa. Kullum takan aika masa miyar kifi, ya shanye, ya mayar da kwano ba saƙo. Kaico, tsakanin gidajen biyu katanga ɗaya ce.

Rasuwa

Ya rasu a watan Afrilun 2024 bayan gajeriyar rashin lafiya, aka binne shi a maƙabartar dangin mahaifiyarsa. Allah ya jiƙansa. Ya bar 'ya'ya uku, Trang da Yasa da Min, da kuma Hanim, wadda take gaya wa duk mai gaisuwa cewa da ma a makon ta yi niyyar zuwa ɗauko shi.