Tukwanen Rabi da fim ɗin Malam Isuhu

Shekara bakwai ke nan da muka binne Malam Isuhu a Bron, kusa da Lyon, mu 'yan tsiraru, cikin yayyafi. Ni dillalin tsofaffin motoci ne, ba marubuci ba. Na fara da tallan goro a bakin masallaci a unguwar Goutte d'Or ta Paris, yau ina da abin rufin asiri. Sana'ata ita ce haɗa mai so da mai sayarwa. Ciniki ɗaya ne ya gagare ni a rayuwa, kuma na amini ne.

Tare muka taso da Isuhu a Damagaram. Da muka zo ƙasar Turawa, ni na tsaya Paris, shi ya wuce Lyon, ya samu aikin duba tikiti da shara a wani ƙaramin gidan sinima a Villeurbanne, a gefen garin, inda ake nuna tsofaffin finafinai marasa kala. Akwai wani na Amurka da suke maimaitawa duk shekara. Miji da mata ne masu son juna, kowa ya zargi ɗan'uwansa a kan abin da bai faru ba, aka je gaban alƙali, aka yi ta buga ƙofofi, daga ƙarshe suka shirya. Isuhu ba ya jin Ingilishi, amma ya san inda kowace dariya take, har yakan riga 'yan kallo.

Ranar da ya ja ni na gani, na ce masa, "Waɗannan ba su da dangi ne? Magana ɗaya ai ta raba gardama."

Ya ce, "To in sun yi maganar, dillali, mu me za mu kalla?"

Bayan 'yan shekaru abin ya zo gidansa. Yayar Rabi, matarsa, ta haihu a Paris. Rabi ta tafi taya ta jego, ta ɗauki manyan tukwanenta da kwanukan aurenta don girkin suna, domin a nan ba maƙwabciyar da za ka ara a wurinta. Kwana biyu kafin nan sun ɗan yi cacar baki, irin ta harshe da haƙori. Isuhu ya dawo daga aiki ya tarar da kantar kwanuka wayam. A garinmu, mace ba ta ɗaukar kwanukanta sai in ta gama da gidan. Bai tambayi kowa ba. Ya tattara sauran kayanta cikin kwalaye, ya ba wani mai kamyo, babbar motar kaya, ya kai mata. A garinmu kuma, namiji ba ya aika wa mace kayanta sai in ya kore ta. Kwalayen suka iso ana tsakiyar suna, gaban mata.

Da a gida ne, kafin sati ya zagayo wani kawu ya sa rawani ya je biko, an ba kowa laifinsa, an wuce wurin. A nan ba kawu, ba gwaggo. Ni kaɗai ne mai zirga-zirga tsakanin garuruwan biyu, don a Lyon nake sayen yawancin motocina.

Na bayyana wa kowannensu yadda abin ya faru, dalla-dalla. Kuma kowa ya gane. Abin da ya rage shi ne wa zai fara motsi. Isuhu ya ce bai sake ta ba, ba zai sake ta ba har abada, ƙofa a buɗe take. Rabi ta ce wanda ya aiko da kaya a gaban mutane shi zai zo ya ɗauke su a gaban mutane. Na ce masa durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Ya ce shi bai ga wada ba, raƙumi ya gani.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne sana'ata ce ta kashe maganata. In na ce masa, "Wallahi Rabi ba ta ko buɗe kwalayen nan ba, jiranka take," sai ya yi dariya ya ce, "Kai da ka sayar da motar da ba ta da birki kana rantsuwa." In na ce mata Malam ya rame, kullum zancenta yake, sai ta ce, "Alhaji, ai haka kuke yi, ku gaya wa mai saye ana rububi, ku gaya wa mai kaya kasuwa ta faɗi." Gaskiya tsantsa nake ɗauke da ita, ba mai saye. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, masu waƙar kuwa sun kulle bakinsu.

Shekara shida aka yi haka. Ba aure, ba saki. Ita tana kwana a falon yayarta da igiyar aure a wuyanta, shi yana biyan hayar ɗaki biyu yana zaune a ɗaya. Duk shekara in fim ɗin nan ya dawo, sai Isuhu ya tsaya a bayan zaure da tocilarsa, ya kalli Turawa suna shiryawa. Na taɓa tambayarsa ko har yanzu yana ba shi dariya. Ya ce, "Su an rubuta musu ƙarshe." Rabi ba ta hau jirgin Lyon ba sai ranar jana'iza. Ta yi masa takaba cikakkiya, ba wanda ya sa ta.

Yau nakan ga yaranmu na nan, aure ya mutu da saƙon waya da safe, ya tashi da saƙon waya da yamma. Nakan ce, da Isuhu na nan me zai ce? Na san zai ce ba su da kunya. Ban sani ba ko a zuciyarsa zai yi sha'awarsu. Kunyar da aka tarbiyyantar da mu da ita an yi ta ne don gari mai dattawa, masu kwance abin da ta ɗaure. Mun ɗauko ta mun zo da ita, mun baro su a can.

Abin da ya bari ba shi da yawa: sunan mutumin kirki, wanda bai taɓa faɗin aibin matarsa a gaban kowa ba, ko sau ɗaya. Sai kuma wata tambaya da ba ta mutu da shi ba. Watan jiya Rabi ta shigo ofishina, furfura ta fara fito mata. Bayan gaisuwa ta ce, "Alhaji, yanzu dai ba abin da za ka sayar. Tsakaninka da Allah, Malam ya taɓa cewa yana so in koma?"

Na ce, "Duk zuwan da na yi."

Ta daɗe tana kallona. Ta gyara mayafinta ta miƙe.

"Haka za ka ce," in ji ta.

Allah ya jiƙan Malam Isuhu, ya haɗa su inda ba a buƙatar ɗan aike.