Irin Waken Iya

Da Iya, mahaifiyata, ta gudo daga ƙauyenmu saboda rikici, ban da kayan jikinta ba ta zo da komai ba sai irin wake da ta ƙulle a bakin zani. A bayan gidana a unguwar Galtimari ta shuka shi, tunda a shekarun nan wanda ya fita gona bayan gari ba lallai ya dawo ba.

Wake ya fara 'ya'ya ke nan ƙwaron wari ya sauka, irin koren nan mai faɗin baya. Ya tsotse kwanso ya bar shi a shanye, in ka murƙushe shi kuma hannunka ya wuni yana ɗoyi. Iya ta zuba toka, ta yayyafa ruwan ganyen dogon yaro, ko gezau. Ta ce in wannan ya ƙare, irin ƙauyenmu ya ƙare.

Sai na je unguwar Gamboru na aro famfon feshi wurin wani abokina. Wautar da na yi, har yau ina jin haushin kaina, ita ce goya shi da na yi a baya, tiyo yana reto, na nufo shingen sojoji.

Tun daga nesa aka daka mini tsawa, an ɗauka bam na goyo. Kafin in ankara layin mutane ya watse, saura ni kaɗai da bakin bindiga uku. Na durƙusa hannu sama, ina cewa maganin ƙwari ne. Tsoro na ji wanda ban taɓa jin irinsa ba. Aka ce in kwance famfon a hankali in ja baya. Da madaurin ya maƙale a kafaɗata, kalmar shahada na fara.

Sun sake ni bayan la'asar. Famfon kam ba su ba ni ba.

Na iske Iya a cikin waken, tana tsince ƙwarin ɗaya bayan ɗaya tana jefawa a ruwan sabulu. Na ba ta labari.

"Wake nake da shi, na shuka," in ji ta. "Kai in ka tafi, me zan shuka?"

Kwana goma muka yi muna tsinta da hannu, ni da ita. Tafi biyu na wake muka samu. Ta ƙulle su a bakin zani, ta ce na ranar komawa gida ne.